Yatsan ƙafa ya kumbura bayan sukar ƙaya: tsoka ce ta kamu, ko mugunya ce ta taru a tafin ƙafa?

Wani matashi daga nan cikin garin Sakkwato ya aiko da wannan tambaya:

"Likita, barka da aiki. Babanmu ne, shekarunsa 58, yana noman albasa da shinkafa a fadamar Kwalkwalawa. Kwana tara ke nan da ƙaya ta soke shi a ƙarƙashin yatsan ƙafa na biyu. Ya zare ta da kansa ya ci gaba da aiki. Bayan kwana huɗu yatsan ya kumbura, yanzu kumburin ya hau gadon ƙafa, takalmi ba ya shiga, a zaune yake salla, in dare ya yi zazzaɓi ya rufe shi. Mai kemis ya ce kumburin tsoka ne da ƙwayar cuta ta kawo, ya ba mu Ampiclox da maganin ciwo. Ya lafa kwana biyu, ya dawo. Inna ta ce daji ne, ba ya son allura, a kira wanzami ya yi sakiya. Shi kuma Baba tsoron asibiti yake kada a yanke masa yatsa. Wai da gaske tsokar yatsa tana kumbura haka? Mi ya kamata mu yi?"

Ɗan'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Bari in fara da abin da ba ya jira, bayani ya biyo baya. Ku kai shi asibiti yau, asibitin da ke da likitan fiɗa. Kuna isa ku roƙa a gwada masa suga kafin komai. Kada ku bari aska ko ƙarfen sakiya ya taɓa ƙafar nan. Ban ga ƙafar da idona ba, amma abin da ka lissafa mini, ƙaya da kwana tara da kumburin da ya haura da zazzaɓin dare, ya ishe ni in ce ciwon ya wuce na kemis.

To, maganar tsoka. Ka tuna muna yara, in an yanka kaza sai mu ɗauke ƙafar, mu kama wata farar jijiya da ta leƙo a wurin yanka, mu ja, sai yatsun su dunƙule kamar kazar na da rai? Yatsan ɗan Adam haka aka gina shi. A cikin yatsun ƙafa biyar akwai ƙasusuwa 14, da fata, da ɗan kitse, da ƙumba (wadda mu nan muke ce wa akaifa), da hanyoyin jini, da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da sanyi, sannan da waɗannan fararen igiyoyi. Tsoka kuwa kusan babu ita a yatsa. Tsokokin da ke jan igiyoyin suna can baya: manyan suna sharaɓa, ƙananan suna shimfiɗe a cikin tafin ƙafa, hawa huɗu, ɗaya bisa ɗaya, an rufe su da wani mayafi mai kauri da tauri kamar ƙirgi. Duk wanda ya taɓa cin farfesun ƙafar sa ya san haka, ganda ce da jijiya da ƙashi, ba ka samun tsokar kirki.

Saboda haka in har maganar mai kemis ta tabbata, cewa tsoka ce ta kamu, ai ba ƙaramin ciwo ya faɗa muku ba. Ma'anarta ciwon ya bar yatsa ya bi igiya ya shiga cikin tafin ƙafa. Abin da nake zargi ke nan a kan Baba.

Ga dalilin da ya sa wurin ke da haɗari. Cikin tafin ƙafa a rarrabe yake kamar ɗakuna, ɗaya ta gefen babban yatsa, ɗaya ta gefen ƙaramin, babba a tsakiya, kuma bangon ɗakunan nan ba ya miƙewa. Igiyoyin yatsa na biyu da na uku da na huɗu duk ɗakin tsakiya suke bi. In mugunya ta taru a ciki ba ta da mafita. Ƙasa ƙirgin nan ya tare ta, ga fatar manomi mai kaushi a kansa. Sai ta yi ta matsa abin da ke cikin ɗakin, har da ƙananan hanyoyin jinin da ke shayar da yatsu. Yawancin yatsun da nake gani sun yi baƙi ta wannan hanya suka mutu: matsi ya toshe musu jini. Shi ya sa kwana ɗaya yake da daraja a irin wannan ciwo.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗar mutane. Fatar gadon ƙafa sakwa-sakwa ce, don haka a can kumburi yake bayyana, ya yi suntum yana sheƙi, alhali mugunyar tana ƙasa. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka kawo daga ƙauye a bayan mota, an naɗe ƙafarsa da tsohon rawani. Da muka warware sai ga tsaga shida a jere a gadon ƙafa, an cusa garin magani baƙi a ciki. Ɗansa ya ce wanzami ya tsaga, jini kawai ya fito da ɗan ruwa-ruwa, sai aka ce ciwon bai nuna ba tukuna, a jira. Na sa babban yatsana na danna tsakiyar tafin ƙafar a hankali, dattijon ya zabura ya riƙe hannuna, ga mugunya ta ɓullo ta wata 'yar ƙofa tsakanin yatsu. A ɗakin fiɗa muka buɗe ta ƙasa, ta zubo da yawa, a cikinta kuwa akwai tsinin ƙayar bagaruwa da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Shi ma cewa ya yi ya zare ƙayar duka. Tsinin yakan karye ya zauna, kuma muddin yana ciki, ko kwali nawa na magani aka sha ciwon lafawa kawai zai yi ya dawo.

Ita cutar da ake kira kumburin tsoka mai mugunya gaskiya ce, ba ƙirƙirar mai kemis ba ce. Likitoci na ce mata fayomayosaitis, wani likita Bajamushe mai suna Scriba ya yi bayaninta tun 1885, kuma an fi ganinta a ƙasashe masu zafi irin namu. Sai dai gidanta manyan tsokoki ne: cinya, ɗuwawu, sharaɓa, kafaɗa. A ƙafa can ƙasa ba ta cika zuwa haka kawai ba, sai an buɗe mata ƙofa da ƙaya ko ƙusa ko gyambo. Kusan tara cikin goma na masu ita a ƙasashen zafi ƙwayar cuta ɗaya ce ke jawo musu, Staphylococcus aureus. Ita ce "sitaf" ɗin nan da masu tallar magani da lasifika suka mayar ciwon sanyi na ma'aurata. Ba haka take ba. Ƙwaya ce da ke zaune a hanci da fatar kusan mutum ɗaya cikin uku ba tare da ta dame su ba, ita ke kawo maruru da ɗan kakkare, sai ta sami ƙofa ta shiga ciki take zama masifa.

Tafiyarta mataki uku ce. Da farko wurin yana ciwo, ya yi tauri kamar itace, zazzaɓi kaɗan, babu mugunya tukuna. A nan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya dace zai iya gamawa da ita shi kaɗai. Mataki na biyu mugunya ta taru, ciwo na zuga kamar bugun zuciya, ba barci, zazzaɓi da rawar ɗari. A cinya yakan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin a kai nan, amma a ƙafar da ƙaya ta soka kwanaki kaɗan sun isa. Na uku ƙwayar ta shiga jini, ta taɓa ƙoda da huhu da hankali, a nan rai ake ƙoƙarin ceto, an bar zancen ƙafa. Yadda ka kwatanta mini, Baba ya fi kama da mai mataki na biyu, kuma mataki na biyu ba ya warkewa sai mugunya ta fita.

Kafin ku tashi, ga abin da za ka iya dubawa da kanka don ka ba likita labari cikakke. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka kada ka tsaya neman ja. Haɗa ƙafafun biyu wuri ɗaya a cikin haske. Dubi wadda ta fi duhu da sheƙi, ka taɓa da bayan hannunka ka ji iyakar inda ɗumi ya kai. Dubi kwarmin tafin ƙafar, in ya cike ya shafe alama ce ta taruwa a ciki. Kama yatsan a hankali ka ɗaga shi sama. In zafin ya harba cikin tafin ƙafa, ciwon ya bi igiya. Taɓa matsematsinsa ko akwai kaluluwa. Sannan ka ɗauki biro ka zagaye bakin kumburin, ka rubuta lokaci a gefe. Wannan ɗan zanen yana gaya mana saurin da ciwon ke yi fiye da duk wani bayani na baki.

Akwai wasu cututtuka da ke kama da wannan, likita zai tantance. Ciwon gefen ƙumba, wanda sau da yawa masu yankan ƙumba na bakin hanya ke jawowa in sun ƙwaƙule kusurwa, a kan yatsa yake tsayawa. Akwai ciwon gaɓa na taruwar gishirin yurik, mai kama gindin babban yatsa cikin dare ɗaya, ga zafi ko zane ya taɓa sai ihu, ya fi kama maza masu shekaru. Wannan babu ƙwayar cuta a ciki kuma ba a tsaga shi. A ƙananan yara masu sikila, kumburin yatsun hannu da ƙafa yakan zama alamar farko ta ciwon. Sai kuma wani da ya kamata manoma da makiyayan yankinmu su sani, maisetoma, wanda shi ma ƙaya ke shigar da shi daga ƙasa. Shi ba ya gaggawa, watanni ko shekaru yake yi, ƙafa ta yi tauri ta ƙi ciwo sosai, ta huhhuje tana fitar da ruwa mai ɗan tsaba-tsaba baƙi ko fari ko ja. Ya yi yawa a Sudan da sauran ƙasashen Sahel, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016. Na Baba na kwana tara ne da zazzaɓi, ba shi ba ne.

Yanzu maganar suga, wadda ita ce ta fi damuna. Ba ka ce yana da shi ba, kuma na san amsar da za ku bayar: Baba siriri ne, manomi ne, yini yake a gona, ina shi ina suga. Ni ma na taɓa yin wannan tunanin, na kuma ga sakamakonsa. Ina sabon likita a wani asibitin karkara aka kawo mini wani manomi da ƙurji a ƙarƙashin yatsa. Na tsaga, na wanke, na ba shi magani, na sallame shi. Ban gwada suga ba, don a idona bai yi kama da mai suga ba. Bayan kwana goma ya dawo yatsan ya yi baƙi ƙirin, da aka gwada sai na'urar ta kasa ma karanta adadin saboda yawansa. Ya rasa yatsu biyu. Har yau in na ga ƙafa mai ciwo fuskar mutumin nan nake tunawa, kuma tun daga ranar ban sake duba ƙafar babba ba tare da na sa an ɗiga jininsa a kan na'ura ba. Gwajin minti ɗaya ne.

Suga yana cutar ƙafa ta hanya uku a lokaci guda. Yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ko silifa ya zame daga ƙafarsa yana tafiya bai ji ba. A bazarar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, muna ganin masu suga da tafin ƙafa ya sale don sun cire takalmi sun taka siminti ko rairayi a sallar Juma'a, ba su ji ƙuna ba sai da aka ga ɓororo. Yana kuma ƙuntata hanyoyin jini, ga shi magani a cikin jini yake tafiya, inda jini bai isa ba magani ba ya isa. Sannan yana raunana sojojin jiki. Ka tambayi Baba: yana yawan tashi fitsari da dare? Ƙishirwa fa? Ya rame a 'yan watannin nan? Tafin ƙafarsa na yi masa zafi kamar an shafa barkono, ko yana ji kamar auduga yake takawa? A awo, 7.0 ko fiye kafin a karya kumallo, ko 11.1 ko fiye a kowane lokaci tare da alamun nan, suga ne. A na'urorin da ke ƙirga da manyan lambobi 126 ne da 200. In an same shi, za a iya sa masa allurar insulin har ciwon ya warke. Kada wannan ya firgita ku. Ciwon da kansa yana hauhawar da suga, kuma mutane da yawa suna komawa ƙwaya bayan ƙafa ta warke. Cewa Baba yana jin zafin ciwon ya ɗan kwantar mini da hankali, amma bai wanke shi ba.

Ampiclox da aka ba ku magani biyu ne a kafso ɗaya, ampisilin da kloksasilin, rabi da rabi. Yawancin sitaf ta daɗe da daina jin ampisilin, ke nan rabin kafson ne kawai ke aiki, kuma wannan rabin bai kai abin da ciwo mai zurfi ke bukata ba. Ko da ya kai, magani ba ya ratsa tarin mugunya. Sauƙin kwana biyu da kuka gani kuwa, ina kyautata zaton maganin ciwon ne ya rufe zafi da zazzaɓi, cutar na ci a ƙarƙashi. In diklofenak ne ko ibufurofen, a dakatar da shi har a duba ƙodarsa. Farasetamol ya isa zuwa asibiti. Abin da na fi tsoro shi ne ƙullin haɗi da ake bayarwa ba suna, domin sau da yawa akwai deksametason ko firedinisolon a ciki. Su kan sa mutum ya ji garau kwana ɗaya, alhali sun ɗaure hannun garkuwar jiki sun kuma ɗaga suga. Ku kwashi duk abin da ya sha, har fankon kwali da ledar ƙulli, ku tafi da su.

Ita kuma Inna, a bi ta da lalama, ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma ta ga abin da ta gani a rayuwa. Kalmar daji a bakin mutanenmu ta haɗa abubuwa da yawa: ciwon kansa na gaskiya, da duk wani kumburi mai yaɗo, da gyambon da ya ƙi warkewa. Na daɗe ina tunanin inda zancen "ba ya son allura" ya samo asali, ga abin da na fahimta. Ana ajiye marar lafiya a gida sai ciwo ya ci ƙarfinsa, sannan a kira mai allura ya yi masa kwana uku ba a fitar da mugunya ba, ciwon ya ci gaba da abin da dama zai yi, sai a ce allura ce ta tunzura shi. Allura ba ta tunzura ƙwayar cuta. Jinkiri ne da rashin buɗe wurin. Ka ce mata ta yi gaskiya da ta nemi a fitar da ruwan da ya taru, a nan ita da likita bakinsu ɗaya. Saɓanin kawai wa zai fitar da shi, kuma ta ina.

Ba raina wanzamai nake ba. Sun yi wa al'umma aiki tun babu asibiti, kuma maruru a fatar baya ko ɗuwawu da yawa sun fashe a hannunsu an warke. Tafin ƙafa daban ne. Mugunyar tana ƙarƙashin ƙirgi, kusa da hanyar jini da jijiyar da in aka yanke ta yatsu sun mutu da ji har abada. Hujin sakiya ƙarami ne, bakinsa yakan rufe kafin ciki ya tsane, ga ƙunar ƙarfe ta ƙara mataccen nama. Tsinin ƙaya kuwa ba zai fito ta nan ba. Ga kuma abin da aska ɗaya mai yawo kan mutane da yawa ke ɗaukowa, ciwon hanta da tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki.

Ku nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko duk asibitin da kuka san akwai mai fiɗa. Abin da za ku tarar, gwargwadon hali: gwajin suga, gwajin jini da na ƙoda, a taɓa bugun jini a gadon ƙafa da bayan idon sawu. Za a yi hoton ƙashi, amma ka sani hoton ƙashi bai cika nuna ƙaya ko itace ba, kuma ko ƙashi ya kamu yakan ɗauki mako biyu ko fiye kafin ya nuna a hoto. Saboda haka in an ce hoto lafiya lau, ba a gama ba. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, shi ne ke nuna tarin mugunya da tsinin ƙaya, kuma ya fi hoton cikin jiki na babbar na'urar nan da ake kira MRI araha nesa ba kusa ba. Ku gaya wa likita takalmi ne a ƙafarsa ko babu lokacin da abin ya faru, da irin ruwan da ya ci gaba da shiga, domin ruwan fadama da takalmin roba suna da nasu ƙwayoyin da ke sauya zaɓin magani. Ku faɗi lokacin da ya ci abinci na ƙarshe saboda allurar barci ko ta kashe ƙafa.

In an sami mugunya za a buɗe, a wanke, a cire mataccen nama da abin da ya karye a ciki, a aika samfur ɗakin gwaji don a san ƙwayar da maganin da take ji. Ba za a ɗinke ba. Wannan yana tayar wa iyalai hankali, su ga rami a buɗe su ce an bar aiki rabi. Da gangan ne, so ake ya cike daga ƙasa zuwa sama, in aka rufe baki mugunya ta sake taruwa. Za a fara magani ta jijiya, daga baya a koma na sha. In nama ne kawai ya kamu, mako biyu zuwa huɗu. In ya taɓa ƙashi yakan kai mako shida. Wankin ciwo kullum ko bayan kwana biyu. Wani lokaci a koma ɗakin fiɗa karo na biyu, wannan ma ba alamar an yi kuskure ba ce.

Kada a manta allurar tetanus. Sukar ƙaya a gonar da ake zuba takin dabbobi ita ce irin raunin da wannan cuta ke so, rami mai zurfi da ƙaramin baki. Tana iya ɓullowa daga kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, ke nan Baba yana cikin kwanakin. Yawancin maza masu shekarunsa ba su da wata rigakafi da za su iya tunawa, a faɗa wa likita haka. In ya ce muƙamuƙinsa ya yi nauyi, ko wuya da baya suna ɗaurewa, ko haɗiya na yi masa wuya, a faɗa nan take.

Akwai alamun da in ka ga ɗaya daga cikinsu ko tsakar dare ne ku fita: yatsa ko fata ta fara baƙi ko shuɗi-shuɗi, ɓororo mai ruwa baƙi ko jini, wari, ka danna fata ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar akwai iska a ƙarƙashi, kumburi ya tsallake zanen biro cikin 'yan awoyi, zafin da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, numfashi sama-sama, amai, fitsari ya ragu, ko ya fara sambatu da yawan barci. Waɗannan na nuna irin cutar da ke cin nama cikin awoyi, ko ta shiga jini.

Sai tsoron Baba. Ka zauna kusa da shi, kai da babban wanda yake jin maganarsa, ku gaya masa gaskiya. Babu likitan da zai yanke masa ko ƙumba ba da izininsa ba, sai an yi masa bayani ya sa hannu. Ba a cika yanke yatsa mai rai ba. Wanda aka fi cirewa shi ne wanda ya riga ya mutu, don kada ya ja sauran ƙafar. Yatsan da ya kumbura yana ciwo yana da ɗumi, yatsa ne mai rai, kuma buɗe tafin ƙafa da wuri shi ne abin da ke sakar masa jini ya tsira. Ba zan yi maka alkawarin abin da ban gani ba, amma damar da yake da ita yau ta fi ta jibi. Labaran da yake ji na wane ya je asibiti an yanke masa ƙafa, in ka bi diddigi za ka tarar mafi yawansu sai da aka yi makonni ana shafe-shafe a gida.

Kafin ku isa, a wanke ƙafar da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta ba a ɗaure tam ba, a ɗora ta kan matashi, kada ya taka. Kada a gasa da ruwan zafi ko a kanga ta ga wuta, in akwai suga zai ƙone bai ji ba. Kada a zuba kananzir, ko man birki, ko toka, ko garin kafso, kada a matsa. Lalle ma a bari, yana ɓoye launin fatar da muke son gani. Zuma tana da amfani a wankin ciwo, mu ma muna amfani da mai tsabta, amma bayan an buɗe ne, ba ta jawo mugunya daga ƙarƙashin ƙirgi.

Na san zai damu da alwala. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin shafa a kan ɗaurin ciwo ga wanda ruwa zai cutar, ya tambayi limaminku ya ji daga bakinsa don hankalinsa ya kwanta. Bayan ya warke kuma ya riƙa tsane tsakanin yatsu da ƙyalle bayan kowace alwala, domin cin ruwa da ke farar da tsakanin yatsu, da fason hunturu, ƙofofi ne kamar ƙaya. A saya masa takalmin ruwa mai tauri na shiga fadama, ya riƙa zazzage shi kafin ya sa.

Albasar kuwa ku 'ya'yansa ku raba ban ruwan a tsakaninku tun yau, ku gaya masa wanda zai riƙe kowane fegi, don na san muddin yana tunanin gonar zai saci jiki ya koma da bandeji a ƙafa, kuma tafin ƙafar da aka buɗe ba ya haɗewa in ana taka shi. In kun dawo ka rubuto mini adadin sugan da abin da sikanin ya nuna.